Tokar da Ban Shafa Ba

Litinin, da hantsi

Yau ma an dawo mana da hotuna. Wani ango ne ya shigo ko sallama babu, ya zube ambulan a kan tebur ya ce, "Mai hoto, matata ce wannan ko tattasai?" Na leƙa. Wallahi da gaskiyarsa. Amarya ta yi ja wur, shi kuma kamar an tsamo shi daga garwar manja. Dariya ta taso min, na danne, ta ƙi dannuwa, ta biyo ta hanci. Shi ke nan na ja wa kaina.

Yaya ya bari sai da ango ya fita, sannan ya juyo. "Biri, me ka taɓa?"

Ban taɓa komai ba. Na rubuta a nan, ko ba wanda ya yarda takarda ta ji. Amma ban ga laifin Yaya ba. Ni ne bara na kifa masa allon kwamfuta, ƙasa ta koma sama, ya yi rabin wuni da wuya a karkace yana neman gyara. Ni na manna wa linzamin kwamfutar tef a ciki. Ni na zuba gishiri a shayin mai kawo mana takarda. A layin nan ko tayar wani ce ta yi faci, ni ake fara kallo.

Shagon na Yaya ne. Shi ke ɗauka, shi ke gyarawa a kwamfuta. Ni ke yanka, in sa leda, in sa a firem. Sai wani aikin da ba mai yin sa a garin nan sai ni. Akwai wani hotona da ya taɓa ɗauka, na turo harshe, ina riƙe da farar takarda. Kullum da safe kafin ya taɓa aikin kowa sai ya buɗe shi, ya tsayar da ni a gefen allo da farar takarda a hannu. Ya dubi allo, ya dube ni, ya ƙara nan, ya rage can, har Birin ciki ya yi daidai da Birin waje. Ya ce duk duniya babu fatar da ya sani kamar tawa, tun ina tsumma yake kallon ta. Na ce ashe dai munina na da rana.

Yau da safe ma mun yi. Ya daɗe yana ƙarawa.

Laraba, bayan azahar

Mun canza tawada. Mun canza takarda. Firinta ta sha wankan da ni kaina ban sha ba a makon nan. Hoto ya fito ja.

Yaya ya kai shi bakin ƙofa, ya ɗaga wa rana, ya juya shi, ya ce, "Ni ban ga abin da suke gani ba. Mutanen yanzu ba su da ido."

Mai kawo takarda ya ce akwai wani Injiniya mai na'urar da ke auna launin allo, duk manyan shaguna shi suke kira. Yaya ya ce tun kafin a haifi na'urar yake wannan aiki da idonsa, sai yanzu roba za ta koya masa ja? Amma ya karɓi lambar. Shugabar makarantar bayan kasuwa ta ba mu aikin hotunan yaranta masu fita, kuma irin matan nan ce da in ta yi magana har ƙudaje ke gyara zama. Ba ya son ya ji kunya a gabanta.

Na buɗe aljihun tebur inda nake ɓoye alawata. Fankon maganin ciwon kai na tarar, ba ɗaya ba, ba biyu ba. Na mayar na rufe.

Asabar, da yamma

Injiniya ya zo. Gajere ne, mai tabarau, kuma Allah bai ba shi dariya ba. Na gwada shi da barkwanci uku daga cikin na musamman, ko gezau. Ya ce a kunna allo a bar shi ya yi ɗumi tukuna, a sauke labule, a kashe ƙwan nan namu mai hasken ɗorawa. Sannan ya zaro abin daga jaka: kamar sabulun wanka da ya sha hannu, da doguwar wutsiyar waya. Ya rataya wutsiyar ta saman allo, abin ya sauko ya lafe a tsakiyar gilashi.

Na ce, "Injiniya, kaska ce? Jinin allon za ta sha?"

Ya ce, "Kusan haka."

To tun daga nan ta zama kaska.

Ya yi min bayani don ya ga na dame shi. Wai kwamfuta za ta turo launin da ta san sunansa, kaska ta duba abin da ya fito a zahiri, ta faɗa mata, sai a daidaita tsakani. Na ce ai wannan karatunmu ne na allo: a biya maka, ka maimaita, in ka karkace a miƙar da kai, bulala ce kawai babu. Allo biyu na sani a duniya, ashe duk hanyarsu ɗaya.

Aka fara. Shago ya yi duhu, allo na ta sauya launi, kowanne ya cika ɗakin ya hau fuskokinmu. Kore. Shuɗi. Fari, sannan toka-toka iri-iri har ya gangara baƙi. Da jan ya zo, wallahi kamar an yanka rago a bango. Hannuna ja, tabaran Injiniya ja, rigar Yaya ja.

Yaya ya ce, "Wannan wane irin ja ne kamar tsohon bulo? Na'urarka ba ta da lafiya."

Injiniya ya waiwayo ya dube shi. Ya koma kan allonsa.

Da aka gama ya cire kaska, ya ce a buɗe hoton da muka fi sani. Aka buɗe ni da harshena. Akwai wurin da yake dannawa ya nuna yadda allon yake da, ya sake dannawa ya nuna yadda ya koma. Na da, kamar na haɗiyi garwashi. Na yanzu, ni ne. Ya buga a takarda, daidai lokacin mai shayi ya shigo kwasar kofuna, ya leƙa ya ce, "Kai! Biri ne sak, har da munin."

Yaya ya karɓi takardar ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Wannan gawa ce. Ka kashe min allo."

Ba wanda ya yi dariya. Ni ma na nemi tawa na rasa.

Lahadi, da safe

Ya mayar da jansa. Ina yankan takarda ina kallon sa ta gefen ido. Ban taɓa komai ba.

Talata, da safe

Na tsaya a wurina da farar takardata. Ya dubi allo. Ya dube ni. Ya sake duba na. Ya ajiye linzami.

"Me ka shafa a fuskarka?"

Na ce me ya gani.

"Toka ce ko hoda? Biri, ba ni da lokacin shiriritarka yau, kaina kamar zai tsage. Je ka wanke."

Na taɓa yi masa haka, gaskiya ne. Bara waccan na shafa hodar Anti, matarsa, na zo na tsaya masa da fuska a ɗaure, ya yi ta murɗa allo yana tsaki har sai da na fashe da dariya. Ranar sai da ya bi ni har bakin titi da tsintsiya.

Yau ban shafa komai ba.

Na dubi idonsa. Ba wasa yake ba. Kuma a bayan fushin akwai wani abu, kamar mai roƙo. Sai na ji bakina ya ce, "Toka ce, daga murhun mai shayi. Na ɗauka ba za ka gane ba."

Ya saki ajiyar zuciya har kafaɗunsa suka sauka. Ya yi dariya, ya ce, "Ɗan banza. Ni za ka yi wa? Ni da na san fatarka?" Ya jefe ni da tsumma. Rabon da in ji dariyarsa an kwana biyu.

Na je famfo na wanke fuska. Na dawo. Ya ce, "Bai gama fita ba. Bari, haka nan zan yi."

Talata, bayan la'asar

Na duba madubin da masu ɗaukar hoto ke gyara hula a gabansa. Na duba gilashin motar da aka ajiye a ƙofa. Na tambayi mai shayi ko ya ga wani abu a fuskata, ya ce ya ga rashin kunya. Ban shafa komai ba.

Alhamis, da azahar

Shugabar makaranta ta dawo da samfurin da muka aika mata. Ba ta ma shigo ba, daga cikin mota ta miƙo, ta ce yaranta ba barkono ba ne, in ba za mu iya ba mu faɗa mata tun da wuri.

Aka sake kiran Injiniya. Ya ɗora kaska, ta yi karatunta, ya ce, "An taɓa allon nan bayan tafiyata."

Yaya bai ko ɗaga kai ba, ya nuna ni da baki. "Ga mai taɓawar nan."

Na ce, "Ni ne. Hannuna ƙaiƙayi yake yi."

Injiniya ya gyara, ya naɗe wayarsa, ya ce in ɗauko masa jaka in raka shi bakin hanya. Da muka wuce rumfar mai faci ya tsaya, ya cire tabarau yana gogewa da bakin riga.

"Ba kai ba ne."

Na ce ai bai san ni ba, ya tambayi layin nan kaf.

"Yaushe wan naka ya fara cewa ja ya dushe?"

Na gyara riƙon jakarsa.

Ya ce shi aikinsa allo ne, ba mutum ba, kada in ce shi ya ce. Amma in sami abu ja sosai, in sa Yaya ya rufe ido ɗaya ya duba, ya rufe ɗayan ya duba. In sun saɓa, ko duka biyun sun dushe, to kada a tsaya shagon masu gilashi, a wuce asibiti, kuma kada a ce sai an gama aikin wane. Ya maimaita wannan na ƙarshen. Sannan ya buɗe jaka ya ciro kaska ya damƙa min, ya ce tafiya zai yi, in riƙe masa, na ga dai yadda ake yi.

Na ce, "Injiniya, ka ba Biri amanar kaska? Ba ka tsoron in soya ta?"

Bai yi dariya ba. Ya dafa kafaɗata ya tafi. Da ma ya zage ni.

Asabar, da hantsi

Yanzu da gaske ina taɓa allon. Yaya ya koma makara, ni ke buɗe shago. In share, in kunna, in bar shi ya yi ɗumi, in sauke labule, in ɗora kaska. Ina zaune ni kaɗai launuka na wucewa ta kaina. In jan ya zo sai in kawar da kai. Kafin ya iso na cusa ta a jakata ƙarƙashin riga. Da yamma ya mayar da jansa, da safe in cire. Hotunan yaran kuma, duk wanda ya gyara ya ƙara wa ja, sai in lallaɓa in ɗauko na asali da ke cikin kyamara, shi nake bugawa in ya fita salla, in kife su a ƙasan kwali.

Wannan shi ne wasa mafi girma da na taɓa shirya wa mutum, kuma ba daɗi ko kaɗan.

Na biya ta gidansu karɓar makulli. Anti ce ta buɗe, cikinta ya yi gaba ita tana baya. Ta ce in yi magana a hankali, ya koma ya kwanta, da asuba ya yi ta amai.

Na ce, "Anti, ke ce da ciki, shi ke amai? Wannan soyayya ta yi yawa, ku rage mana."

Kullum in na tsokane ta sai ta ce za ta sake ni ta bar wana, ko ta jefe ni da silifa. Yau ta tsaya tana kallo na da makulli a hannu. Ta ce, "Ba yau ya fara ba. Ya ce in na faɗa wa Umma bai yafe ba."

Na karɓi makulli.

Litinin, da yamma

Mun je ɗauko katakon firem a babur, shi ke tuƙi, ni a baya na rungumi kaya. A mahaɗar nan ta gaban gidan mai danja ta ba da ja tun muna nesa. Na ga bai rage ba. Na ɗauka tsokanata yake, don ya san ni da tsoron titi. Na ce Yaya. Na ce Yaya! Wata tifa ta ja birki har ƙasa ta yi ƙara, iskarta ta ɗaga min riga. Direban ya leƙo ya zage mu tun daga kakanni.

Da muka tsallake ya faka a gefe. Ya ce, "Danjar nan ta mutu ai. Ba ta kunna ba."

Na ce, "E, ta mutu. Ni ma ban ga ta kunna ba."

Me ya sa na faɗi haka? Na rasa wanda zan tambaya.

Na ce ƙafata ta yi sanyi da zama, ya kawo in tuƙa. Bai yi musu ba. Yaya da ko goge masa babur ba ya bari in yi.

Talata, bayan magariba

Na faɗa wa Umma. Na zauna a gabanta na tanƙwashe ƙafa kamar mai ɗaukar karatu, na faɗa mata komai: jan, maganin, danjar.

Ta saurare ni har ƙarshe tana tsince shinkafa. Sannan ta ce, "Auta, wannan karon me ka shirya? Ni zan kwashi jiki in tafi shago ina kuka, ku kuma ku fito daga bayan labule kuna dariya? Ba ka manta ranar da ka ce min an kwantar da kawunka ba, na fita ba takalmi?"

Na ce wallahi, Umma.

Ta ce ranar ma wallahi na ce.

Na ce da asuba amai yake yi, kuma kansa ne ke ciwo, ta nan baya.

Hannunta ya tsaya a cikin faranti. Ta dubi bangon da hoton marigayi Baba yake. Ni ma na san abin da ta tuna, ba zan rubuta shi ba. Ta ce da ƙarfi, "Kul! Kada ka sake yi wa ɗan'uwanka baki. Tashi ka ba ni wuri."

Na tashi. Ina tsakar gida na ji ta ajiye farantin, ban sake jin motsin tsintar ba.

Laraba, da azahar

Na gwada abin da Injiniya ya ce. Na sami murfin kwalbar lemo, ja kamar me, na shiga da shi ina ta wasa, na ce, "Yaya, zo mu yi gasa. Mai idon da ya fi na na'ura, rufe ɗaya ka faɗa min launin nan."

Ya ce ba shi da lokaci. Na ce to ya ji tsoro ke nan. Ya rufe na hagu da tafin hannu. Ya ce, "Ja ne mana, ya dai sha rana." Na ce saura ɗayan. Ya rufe na dama.

Ya daɗe. Ya matso da kai. Ya ja baya.

Ya ce, "Ka canza murfin."

Na ce ga hannuwana, na buɗe su.

"Ka canza shi, munafuki. Wancan ja ne, wannan ruwan ƙasa. Ɗayan na hannun rigarka, na san halinka." Ya kama ni yana lalube hannun riga, aljihu, har hula ya cire min. Yana dariya yana lalubawa, dariyar tana raguwa, lalubawar tana ƙaruwa. Da bai samu ba ya ɗauki murfin ya wurga shi titi. Ya ce in na sake kawo masa sihirin 'yan tasha a shago sai ya ɓalla ni.

Da ni mutumin kirki ne da tun yau an gama.

Alhamis

Ya ce da safe, "Ka sake shafawa." Na ce e.

Juma'a, bayan la'asar

Shugabar makaranta ta zo da kanta. Na fito da kwalin daga ƙarƙashin tebur kafin Yaya ya ce uffan. Ta zauna ta sa tabarau tana ɗagawa ɗaya bayan ɗaya.

Yaya ya leƙa ta kafaɗarta. Na ga fuskarsa ta sauya. Ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, ki gafarce ni. Wannan ba aikina ba ne, yaron nan ne ya yi min ɓarna. Duk sun koɗe kamar marasa jini. Ki ba ni kwana kaɗan in sake miki."

Ta ɗago ta dube shi ta saman tabarau. "Ka sake me? Malam, ban taɓa samun hoto mai kyau irin wannan ba. Dubi yarinyar nan, har ɗan jan ribom ɗinta ya fito kamar ka taɓa." Ta miƙa masa har gaban hanci.

Ya karɓa. Ya ce, "E. Ribom." Ya mayar mata.

Da motarta ta tashi ya sauke labule da kansa. Ya ɗauki jakata ya zazzage a ƙasa. Riga, alawa, kaska.

Bai yi ihu ba, da ya yi da na fi so. Ya ce, "Kai da shi kuka haɗa baki. Kuna so ku nuna wa mutane ban iya aikina ba. Har matar nan kuka saya." Na buɗe baki, ya ɗaga hannu. "Tun kana tsumma nake ɗauke da kai. Duk abin da ka yi min dariya nake yi. Wannan ba wasa ba ne, Biri. Ɗauki kaskarka ka fita."

Na tsugunna ina tattara alawa. Ya miƙo hannu zai karɓi makulli, hannun ya wuce ta gefen nawa. Na sa masa a tafi.

Asabar, da hantsi

Ina bencin mai shayi tun safe. Daga nan ana ganin ƙofar shago. Ya daɗe kafin makulli ya sami rami. Mai shayi ya ce, "Yau ba tsokana? Ko an yi maka rasuwa?" Na ce ya rufe min baki. Ya dube ni, ya zuba min shayi.

Lahadi

Labule a sauke wuni guda. Yana ciki. Ba wanda ya shiga. Anti ta kira ni, na ɗauka, ba ta ce komai ba, ni ma haka, ta kashe.

Litinin, da safe

Na riga shi zuwa. Da ya iso na tafi famfon gefen shago, inda zai gan ni, na wanke fuska da sabulu har idona ya yi yaji. Ban goge da komai ba, na bar iska ta busar. Na bi shi ciki. Bai ce in fita ba. Bai ce in zauna ba.

Ya kunna allo. Hotona ya fito, ni da harshena. Na ɗauki farar takarda na je na tsaya a wurina.

Ya dubi allo. Ya dube ni. Ya ce da wata irin murya ta gajiya, "Har yau ba ka daina ba? A gabana ka wanke, ka sake shafawa a bakin ƙofa?"

Ƙaryar na bakin harshena, a shirye, ita ce mai sauƙi. Da na faɗa da ya yi tsaki, wataƙila ma ya yi dariya, mu wuni lafiya.

Na ce, "Taɓa."

"Me?"

"Kada ka yarda da ni, Yaya. Ni maƙaryaci ne, kowa ya sani. Kada ka yarda da kaska, kada ka yarda da Hajiya. Sa yatsanka ka goge da kanka."

Ya taso. Ya riƙe min haɓa da hannun hagu kamar yadda yake yi wa yara in zai gyara musu zama. Ya sa babban yatsa a kumatuna ya goga, da ƙarfi, har na ji zafi. Ya dubi yatsan. Ya karɓi farar takardar hannuna ya dangwala a kai, ya murza. Ya kai ta bakin ƙofa ya ɗaga wa rana.

Fara fat.

Ya dawo ya goga a goshina. Ya goga a ɗaya kumatun. Ya murza a takarda. Ban motsa ba. Idona na ruwa, na ce sabulu ne.

Ya zauna a kujerar masu ɗaukar hoto, wadda ban taɓa ganin ya zauna a kai ba, da takardar a cinyarsa.

"Ranar Talatar ma?"

Na ce ranar ma.

"Da danjar?"

Na ce ta kunna.

Can ya ce, "Ina kaskar taka? Zo ka ɗora min ita a ido, ko za ta gyara." Ya so ya yi dariya. Na so in taya shi. Duk mun kasa.

Ya ce in kashe allon. Ya ce in je in gaya wa Umma ta shirya gobe, in kuma ta ƙi yarda da ni, in kai mata takardar nan in ce shi ya aiko.

Talata, da hantsi

Asibiti. Benci mai sanyi, bango fari, warin magani. Likitan ido ya haska masa fitila, ya nuna masa wani littafi mai ɗige-ɗigen launi, bai daɗe ba ya ajiye, ya fita, ya dawo da wani likitan da ya girme shi. Suka yi magana ƙasa-ƙasa. Suka ce ba idon za su duba ba yanzu, hoton kai za a ɗauka, yau ɗin nan, kada ya koma gida. Babban ya tambaya tun yaushe. Yaya ya dube ni. Na faɗi gaskiya. Likitan ya rubuta, bai ɗago ba.

Umma na jan carbi, ba ta kallon kowa. Anti ta riƙe takalmansa a cinya.

Da suka zo da keken tura marasa lafiya ya ce shi da ƙafarsa zai tafi. Na ce, "Mai hoto, yau kai za a ɗauka. Ka gyara zama, ka ɗaga haɓa, kada ka ƙifta." Ya kai min dukan wasa, ya sami iska. A bakin ƙofar ya juyo, ya daɗe yana kallo na, irin kallon safe.

Ya ce, "Biri, wanke fuskar nan kafin in fito."

Na je famfon asibiti na wanke. Na dawo na tsaya daidai inda zai fara gani in an buɗe ƙofa. Har yanzu ba a buɗe ba.